Ɗaga Ƙafa

Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, a bene na biyu, tagarsa na kallon titi. Keken ɗinki yana jikin taga saboda haske. A nan Tela take wuni. Mijinta kuwa, wanda har yanzu ake kira Direba ko da yake rabonsa da tuƙi wata bakwai ke nan, yana zaune a tabarma, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafar da aka yi wa ɗori. Waya na hannunsa a kwance, ya riƙe ta hannu biyu kamar sitiyari. Kukan inji ne ke fita daga cikinta.

Gem ɗin tseren mota ne. Kullum in ya dawo daga wurin aiki da yamma ya ci abinci, sai ya ɗauko. Ba ya dariya, ba ya tsaki. Haka zai yi ta yi har caji ya ƙare.

Tela ba ta taɓa leƙa fuskar wayar ba. Ƙarar ma ta ishe ta. In ta ji ta, sai ta ƙara taka keke da ƙarfi don ta danne.

"Rage ƙarar nan," in ji ta.

"Na rage."

"Ba ka rage ba."

Ya danna gefen wayar sau ɗaya. Bai ɗago ba.

Ba su ji takun matakala ba. Sallama kawai suka ji a bakin ƙofa, kuma muryar Inna ce, mahaifiyar Tela. Rabonta da gidan nan tun kafin rasuwar Auta, ɗanta na ƙarshe. Leda ce a hannunta, da yadin da take so a ɗinka mata. Ta hau bene biyu da gwiwarta mai ciwo. Wato zuciyarta ta fara saukowa ke nan.

Direba ya zabura zai tashi, wayar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma. Motar da ke ciki ta rasa mai riƙe ta, ta bar hanya ta daki wani abu. Ƙarar taya, ƙarar ƙarfe, ƙarar gilashi na tarwatsewa, duk suka cika ɗakin.

Inna ta tsaya cak, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

"Mene ne wannan?"

"Gem ne, Inna, na waya—"

"Ba ke na tambaya ba."

Direba ya durƙusa iya yadda ƙafar ta bar shi. "Wasan mota ne, Inna. Sannu da zuwa."

"Wasan mota," in ji Inna, ta juya maganar a bakinta kamar mai tauna magani. "Ta gasken ba ta ishe ka ba."

Ga abin da ya faru, a gajarce. Direba yana tuƙa motar kaya ta wani kamfani da ke rarraba wa shaguna kaya. Auta, ƙanin Tela, shekararsa goma sha tara, ya gama makaranta yana zaune, sai ya riƙa bin mijin yayarsa don ya sha iska. Wata rana da hantsi, bayan gada, Direba ya fito zai wuce tirela a bakin kwana. Wata motar ta ɓullo. Ya kauce mata, ya faɗa rami. Shi ya karye a cinya. Auta bai kai asibiti ba. Da jami'an hanya suka tambaye shi, da dangi suka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni na taka." Bai ƙara kalma ba, bai rage ba. Kamfanin bai kore shi ba. Da ya warke suka miƙa masa makulli, ya shiga ya zauna, gumi ya wanke shi, ya kasa ko zura makullin. Suka mayar da shi wankin motoci a bayan gareji.

Inna ta ajiye ledar a ƙasa, ba a hannun kowa ba.

"Na haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa," ta ce wa 'yarta. "Na ce ƙaddara ce. Na ce yaron nan shi ma yana cikin wani hali. Ashe nan yake a miƙe yana kifar da motoci don nishaɗi, ke kuma kina masa kiɗa da keke. Haɗa kayanki. Gobe da safe yayanki zai zo."

"Inna, ki zauna ki sha ruwa."

"Ruwan gidan nan?"

Ta juya. Suna jin ta tana sauka, mataki ɗaya-ɗaya, tana hutawa.

Tela ta rufe ƙofa. Ta daɗe hannunta na kan mariƙin.

"Goge shi," ta ce. "Yanzu, a gabana. In bi ta in ce mata ka goge. Ba ta kai bakin titi ba tukuna."

Ya ɗauki wayar ya kashe ƙarar. Bai goge ba.

"Auta ne ya sa mini shi," ya ce.

"Shi ya sa ma ya kamata ka goge. Ba ka jin abin da nake ji in wannan abin ya fara kuka? Ƙanina ne fa. Ni na goya shi."

Ya juya wayar a hannunsa.

"Ni ko gem?"

"Ke."

"To goge."

"Ba yanzu ba."

Mutum ne mai tsadar magana tun asali. Da, wannan halin ne ya burge ta, don duk samarin da ta sani bakinsu ya fi aikinsu. Yau shi ne ya zame mata ƙaya. Ta zauna a bakin gado ta yi kukanta, shi kuma yana kallon ƙasa.

Da safe Yaya ya zo da 'yar motar haya. Shi ne babban wanta, mai gyaran waya a kasuwa, mutum mai saurin hannu da saurin fushi. Bai amsa gaisuwar Direba ba. Tela ta ɗauki jaka ɗaya. Direba da kansa ya kwance kan keken ɗinkin, ya naɗe shi da tsohon bargo, ya rungume, ya sauko da shi bene biyu yana ɗingishi. Ya sa shi a bayan mota, ya tokare da jaka don kada ya gangara.

"Ki riƙa sa masa mai, Fasinja," ya ce a hankali. "Yana kuka ta wajen bobin."

Sunan da yake kiranta ke nan tun ranar da ya rage mata hanya ana ruwa, tana ɗauke da ɗinkin mutane. Tun rasuwar bai ƙara kiranta da shi ba sai yau. Ba ta amsa ba. Ta san in ta buɗe baki ba za ta shiga motar ba.

Mako biyar ta yi a gidan Inna.

Gidan ya yi mata faɗi. Takalman ƙwallon Auta suna nan a bayan ƙofa, da busasshiyar laka a jikinsu, ba mai taɓawa. Inna ba ta kuka a gaban mutane. Ta kan dai zuba abinci kwano uku, ta tsaya ta duba, ta mayar da ɗaya cikin tukunya. Tela ta kafa kekenta a tsakar gida. Masu ɗinki suka biyo ta can, rabinsu don riga, rabinsu don jin labari.

"An ce har ihu yake in motar ta kife."

"An ce caca ce ma, ba wasa ba."

"Ke dai ki gode Allah babu rabo tsakaninku."

Ta kan sa tef ta auna su, ta rubuta, ta ce su dawo jibi.

Kowane ƙarshen mako Direba zai zo ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Ba a cewa ya shigo. Ya gaida Inna daga nan, ko ta amsa ko ba ta amsa ba, ya ɗan jima a tsaye, ya tafi. Tela tana ganinsa ta tsagar ƙyaure. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ki ce ya ba ki takardarki," Inna ta ce mata wata rana, suna tsintar shinkafa.

"Inna, kin ce in taho, na taho. Kin ce kada in fita wurinsa, ban fita ba. Wannan kam bakina ba zai iya ba."

"Jinin ɗan'uwanki bai kai miki ba ke nan."

"Ya kai."

"To me kike jira?"

"Ban sani ba, Inna. Na dai san shekara huɗu ina zaune da shi, ko kaza bai taɓa takawa ya wuce ba."

"Ɗana ya fi kaza sauƙin takawa, ashe."

Tela ta ajiye faranti ta shiga ɗaki. Ita kanta tana jin haushinsa. Ta kan ce a ranta, mutumin da ya zaɓi wasa a kanta me ya rage? Sai kuma ta tuna yadda ya tokare keken da jaka. Haka take kwana, haka take tashi, zuciya biyu a ƙirji ɗaya.

Yaya ne ya gaji. Ya aika wa Direba ya zo, ya kuma taho da biro.

Direba ya zo bayan azahar, rana na dukan tsakar gida. A karon farko aka ce ya shigo. Inna na kan kujera a inuwar bango. Yaya na tsaye. Tela na zaune a bayan kekenta, hannu a cinya. Direba ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Yaya ya ajiye masa farar takarda a gaba.

"Ka san abin da za ka rubuta."

Direba ya dubi takardar. "In ita ta ce in rubuta, zan rubuta."

Duk suka juya ga Tela. Ta kafa ido a kan allura.

"Ka ga irinta ko?" in ji Yaya. "Har yanzu ba ta san da wa take zaune ba. Kawo wayar." Ya fizge ta, ya shafa, ya buɗe gem ɗin, ya ƙure ƙarar, ya cilla masa a cinya. "Buga. Buga a gabanta, a gaban Inna. Su ga gwanintar da ta fi matarka."

"Yaya, don Allah—"

"Ke yi shiru. Buga, champiyon."

Direba ya ɗauki wayar. Ya kwantar da ita, ya ɗora babban yatsa a kusurwar dama, inda totur yake. Inna ta kau da kai zuwa bango. Tela kuwa ta tashi ta zo ta tsaya a bayansa. Ta ce a ranta, in rabuwar ce, bari dai in ga abin da ya raba mu.

Motoci takwas ne a layi. Fitila ta yi kore, bakwai suka fita kamar an harba su. Tasa, wata fara, ta tashi a hankali ta kama gefen dama. Hanya ta miƙe fetal, ba kowa, amma bai ƙara wuta ba. Can sai ga wata doguwar mota a gabansa, ga gada, ga kwana tana tahowa. Gefen hagu a buɗe yake, ko yaro zai wuce. Tela ta ga yatsansa ya ɗaga daga kan gilashin. Ya tsaya a sama. Farar motar ta lafa a bayan doguwar, ta bi ta sannu har suka fita kwanar. Sannan yatsan ya sauka. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan rigarsa.

Sauran motocin suka zagayo suka sake wuce shi. Da ya isa layin ƙarshe an daɗe da gamawa. Lamba ta fito: takwas cikin takwas.

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Las? Wata takwas kana abu ɗaya, kana matakin farko, kuma na ƙarshe? Ko don idonmu ne kake wannan tafiyar hawainiya?"

"Yaya," in ji Tela. "Ai gem ɗin yana ajiye tseren baya, ko? Duba na baya."

Aikinsa ne, bai ɗauki lokaci ba. Ya buɗe inda gem ɗin ke jera tseren da aka yi. Ya ja da yatsa. Ya sake ja. Ya yi ta ja, jerin bai ƙare ba. Fuskarsa ta sauya.

"Hanya ɗaya ce duka," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Mai gadar nan. Na takwas, na takwas, na takwas. Mota ko ƙwarzane babu." Ya tsaya. "Sau ɗaya ta daku. Mako biyar da suka wuce."

Ba wanda ya ce ranar ce wayar ta faɗi daga hannunsa. Kowa ya lissafa da kansa.

"To me kake yi a ciki?" in ji Yaya. "In ba tsere kake ba, me kake yi?"

Direba ya goge fuska da hannun riga.

"Ɗaga ƙafa nake koyo."

"Me?"

"A kwanar. Ranar ban ɗaga ba." Ya haɗiyi yawu. "In na rufe ido nan nake zuwa, kuma kullum takawa nake. A cikin wannan ne kaɗai nake iya ɗagawa. Na ce in na yi ta yi, wataƙila ƙafar ta koya."

Tela ta dafa bango. Wata bakwai suna ɗaki ɗaya, taku uku tsakaninsu, ba ta leƙa ba ko sau ɗaya.

Inna ta juyo da kanta. Ta dube shi, kallon farko tun ranar da aka kawo mata labari.

"Wa ya sa maka abin nan a waya?"

"Auta."

"Ranar yana bugawa?"

"Yana bugawa."

"A gaban mota, kusa da kai."

"E."

Inna ta gyara zama. "Ni na haife shi. Ko a bayan mai babur ya hau, sai ya ce masa bai iya gudu ba. Ko ni in muna tafiya kasuwa cewa yake, Inna, taka mana. Zan tambaye ka abu ɗaya, kuma kada ka yi mini ƙarya a gidana. Da kuka iske tirelar nan, me ya ce maka?"

Daga titi ana jin mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa.

"Ƙafata ce a kan totur, Inna."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi yaro ne. Ni ke da lasin."

"Ya ce ka taka?"

Direba ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa takardar. "Ni na taka," ya ce.

A nan Inna ta fashe. Kukan da ta hana kanta wata takwas ya fito gaba ɗaya, mai kauri, mara daɗin ji. Tela ta rungume ta. Yaya ya juya baya yana kallon tankin ruwa kamar yau ya fara ganinsa. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Suka bar ta har ta gaji don kanta.

Da ta nutsu ta share ido da gefen mayafi.

"Da ka faɗa tun farko, da rabin zagin da ka sha bai same ka ba."

"Da ya sami Auta," in ji Direba.

Inna ta jinjina kai. Ta miƙa hannu, Yaya ya ɗauko takardar ya ba ta. Ta ninke ta biyu, ta ninke huɗu, ta tura ƙarƙashin ƙafar kujerarta da ke lilo.

"Kada ka ɗauka na yafe," ta ce. "Ban yafe ba. Ka taka, ɗana ya mutu, wannan ba ya gogewa. In na ce maka zuciyata ta yi fari na yi ƙarya." Ta numfasa. "Amma tunda kai kana koyo, ni ma sai in gwada. Na ɗaga maka ƙafa. Ɗauki matarka ku tafi, ta ishe ni da ƙarar keke."

Direba ne ya sake naɗe kan keken. Wannan karon Yaya ya kama masa gefe ɗaya, yana mita wai bargon ƙura gare shi.

Abin bai warware a rana ɗaya ba. Ya ƙara wata huɗu yana wankin mota. Da yamma in ya ɗauko waya, Tela ta kan bar keke ta zo ta zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, har su fita kwanar. Daga baya ya fara jan mota daga wurin wanki zuwa inda ake ajiye su, taku hamsin. Sai zagayen gareji. Sai titin bayan kasuwa. Ranar da ya koma kan hanya sosai, abokan aikinsa suka sa masa Kunkuru, don shi ke fara fita, shi ke ƙarshen dawowa. Ya amsa sunan. Manajan ya yi ƙorafi sau biyu, da ya ga kaya na isa ba fashe ba ɓare, ya yi shiru.

Shekara ta zagayo kafin Inna ta yarda ta shiga motar da yake ja. Gwiwar ce ta matsa, likita ya ce a kawo ta, Yaya kuma ya aro motar wani abokinsa amma bai iya tuƙi ba. Ta zauna a baya tare da Tela, ta ƙanƙame jakarta. Suka bi ta cikin gari. Motoci na ta danna musu ham suna wucewa. Can wani dattijo a kan keke, da buhu a bayansa, ya zo ya gota su.

"Kai," in ji Inna, "har mai keke ya wuce mu."

"Ya wuce, Inna."

"Haka za mu yini a hanya?"

"Za mu isa."

Ta yi tsaki. Ta saki jakar, ta jingina da kujera. Kafin su kai ƙofar asibiti barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗar 'yarta. Direba ya duba ta madubi, ya kashe mota a hankali. Suka zauna suna jira ta farka don kanta.

Abin da ke cikin wannan ba shi da yawa. Gidan nan kaf da kunne suka yanke hukunci, har matar da ke ɗaki ɗaya da shi, alhali gani ya kori ji. Kafin ka raba mutum da nasa, matsa kusa ka leƙa abin da ke hannunsa. Mai ciwo kuma ya buɗe baki ko kaɗan ne, don shirunsa ya kusa cinye masa aure. Ita kuwa yarinyar ba ta bijire wa uwa ba, ba ta kuma furta kalmar da ba ta dawowa ba. Ta tsaya a tsakiya inda ya fi zafi, har Allah ya kawo mafita. Sannu ba ta hana zuwa.